Kayen aikina kan NGC 5548, daga Damagaram

Asabar 11 ga Janairu 2025

To bismillah. Na buɗe wannan kaye ne saboda bara sau biyu ina fara aikin nan ina watsarwa, in na dawo sai in tarar na manta inda na tsaya. Ni malamin fizik ne a wani lise nan Damagaram, ba ni da teleskop ba ni da labo, ordinatar ce kawai tsohuwa da ƙanena ya kawo min daga Kano, batirinta ko awa ɗaya ba ya yi.

Abin da nake so in yi shi ne in auna girman faifan gas mai zafi da ke zagaye baƙin ramin da ke tsakiyar galaksin NGC 5548. Nisanta da mu wajen shekarar haske miliyan 245 ne, baƙin ramin kuma nauyinsa ya kai na rana wajen miliyan 50. Faifan ba mai iya ganinsa a hoto, na yi lissafi ɗazu, faɗin kwanan haske ɗaya a wannan nisa kamar ka hango dala ashirin ce da aka ajiye a wurin da ya ninka nisan wata sau shida. Sai dai hasken wurin ba ya zama wuri ɗaya, yana hawa yana sauka kullum, kuma launukan ba sa hawa tare. Duk wanda ya taɓa hango mata suna daka daga nesa ya san tabarya tana sauka kafin ƙarar ta iso kunnensa, in ka san gudun sauti kuma ka ƙirga jinkirin ai ka san nisan turmin. Haka ake yi a nan da haske. A tsakiya akwai wani gajimaren elektron mai zafin gaske da ake ce wa korona (ba ta 2020 ba, Allah ya raba mu da waccan), ita ke fidda hasken X, a ka'ida hasken X ɗin ya faɗa kan faifan ya ɗumama shi, ɓangaren ciki mai fidda UV, wato hasken da ke gaba da shuɗi wanda ido ba ya gani, ya amsa da wuri, na waje mai fidda hasken da ido ke gani ya amsa daga baya. Blandford da McKee ne suka tsara lissafin irin wannan awo na amsa-kuwwa a 1982.

A 2014 an sa wa galaksin nan ido wata da watanni da Hubble da Swift, teleskop biyu da ke sararin samaniya, da kuma teleskop na ƙasa, Swift kaɗai ya leƙa ta sau 282 cikin kwana 125. Bayanan duk suna intanet kyauta. An riga an buga sakamakon, na sani, ni dai so nake in fitar da shi da hannuna in nuna wa 'yan tarminal.

Talata 14 ga Janairu

Na sayi kile USB mai giga 64, sefa 4500. Forfe jaka biyu. Layin hasken X, wato zanen yadda hasken ke hawa da sauka a kwana a tashi, na samo shi cikin sauƙi, cibiyar Swift da ke Lesta a Ingila tana da shafin da za ka sa sunan abin da kwanakin da kake so ta haɗa maka. Na raba shi biyu, mai taushi da mai ƙarfi, duka tsakanin 0.3 da 10 keV, ma'aunin ƙarfin hasken kenan.

Alhamis 16 ga Janairu

Ba aiki. Ranar kasuwar Dole ce, uwargida ta aike ni cefane, da na dawo kuma babu kuran har bayan isha.

Lahadi 19 ga Janairu

Kwana uku ina fama da HEASoft, wato tarin manhajar da ake buɗe hotunan UV na Swift da ita. Fayil ɗin babba ne, sau uku reso na yankewa ya kusa ƙarewa, forfe ya tafi a banza, jaka huɗu kenan cikin kwana uku kuma albashi da saura. Daga baya wani abokina da ke karatu a Faransa ya ce min "kai malam ka daina saukewa ta burawza, yi da wget ka sa masa -c, in ya yanke zai ci gaba daga inda ya tsaya". Wallahi da na san wannan tun farko da kuɗin nama bai tafi ba. Na yi da forfen dare, na kwanta da waya a kan taga don nan ne reso ya fi kamawa, da asuba na tarar ya gama.

Haɗa ta kuma ya ci awa kusan biyar, ordinatar ta yi zafi har na ɗora ta kan bulo biyu don iska ta shiga ƙasa.

Juma'a 24 ga Janairu

Yau da na fito sallar asuba na ɗaga kai, tauraron Akturus yana kusan tsakar ka, ja-ja haka cikin hazo. NGC 5548 tana arewa da shi da digiri shida ko kusa, amma ko da babu ƙurar hunturu ido ba zai gan ta ba, ta yi dishi-dishi da yawa. Na tsaya ina kallon wurin har maƙwabcina ya ce "Malam lafiya, jirgi kake jira?" Na ce a'a wurin aikina nake dubawa. Ya yi dariya ya wuce.

Hotunan UV sun fara sauka. Matatan haske shida ne, kowace tana tace launi ɗaya, W2, M2, W1, U, B, V, daga angistirom 1928 na W2 zuwa 5468 na V (angistirom ma'aunin tsawon zangon haske ne, zangon kuma shi ke bambanta launi da launi). Na zaɓi in fara da W2 da V kawai don su ne bakin nan da bakin can.

Litinin 27 ga Janairu

Dubawa da gyaran takardun dovar. Aji uku, ɗalibai sun haura ɗari biyu. Ban taɓa ordinatar ba.

Asabar 1 ga Fabrairu

Layin W2 na farko ya fito kuma ya ban tsoro. Gaba ɗaya dai yana da kyau, yana hawa yana sauka a hankali kamar tudun yashi, amma nan da can sai ka ga ɗigo ɗaya ya faɗo ƙasa shi kaɗai, na gabansa da na bayansa suna sama abinsu. Na ƙirga irinsu da yawa. Tunanina na farko shi ne wai galaksin ce ke ƙiftawa, sai na tsaya na yi lissafi, haske kansa yana buƙatar awoyi kafin ya ƙetare wurin da ke fidda UV ɗin, to ta yaya wuri mai girman haka zai dushe ya dawo tsakanin leƙe biyu kuma hasken X bai motsa ba? Na biyu na zargi kaina, na ce ko da'irar da nake auna hasken cikinta ce ta goce. Na bi hotunan ɗaya-ɗaya har ƙarfe biyu na dare, da'irar tana kan galaksin daidai, sakan biyar na baka (sakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin 3600 na digiri) kamar yadda aka saba.

Sai jiya na koma na karanta aikin Edelson da abokansa na 2015, waɗanda suka buga sakamakon Swift ɗin nan, a tsanake, ba karatun tsallake da na yi da farko ba. Ashe su ma sun ci karo da abin nan a wannan bayanan dai. Akwai 'yan ƙananan wurare a fuskar na'urar ɗaukar hoton da ba su da ƙarfin gani kamar sauran, in galaksin ta faɗa kan ɗayansu sai hasken ya fito ƙasa da yadda yake, kuma abin ya fi tsanani a matatan UV. Su sun zana taswirar wuraren suka cire duk awon da ya faɗa ciki. Ni ban da ƙarfin zana taswira, na rubuta 'yar doka a Python, duk ɗigon da ya faɗo ƙasa da maƙwabtansa biyu fiye da kima a jefar da shi. Na san ba ita ce hanya mafi tsafta ba, don tana iya cinye awo na gaskiya, shi ya sa na ajiye waɗanda na cire a fayil daban.

Laraba 5 ga Fabrairu

V ta fito. Motsinta kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da W2, dalili kuwa taurarin galaksin kanta suna zuba haskensu cikin da'irar kuma su ba sa hawa ba sa sauka, sai su danne motsin kamar an tsinka kunu da ruwa. B da U da sauran biyun suna sauka yanzu. Forfe jaka biyu.

Lahadi 9 ga Fabrairu

Wannan zan rubuta shi dalla-dalla don kada in sake.

Na ɗauko layin hasken Hubble na 2014 daga teburin da aka buga, na UV mai gajeren zango wajen angistirom 1367, don in mai da shi ma'auni in gwada sauran da shi. Na rubuta manhajar gwada layi biyu, ka riƙe ɗaya ka riƙa zame ɗayan gaba da baya kana duba inda suka fi dacewa, inda suka fi dacewa shi ne jinkirin. Ranar Juma'a da dare na kunna. Sakamako ya ce W2 ba ta bin bayan Hubble, har ma ta ɗan riga shi. A ka'ida 1367 ya fi kusa da baƙin ramin, shi ya kamata ya fara motsi. Maimakon in tsorata sai na ji daɗi, ka ji ɗan'adam, na kwana ina tunanin wai ni daga Garin Malam na gano abin da ya kuɓuce wa mutane sama da ɗari masu Hubble a hannu. Har na faɗa wa uwargida, ta ce "to Malam Allah ya sa alheri, amma ruwa ya ƙare a randa ka kira mai ga-ruwa tukuna".

Jiya da rana na tura wa abokina na Faransa hoton, amsarsa layi ɗaya ce, "agogonka fa?" Na buɗe fayil ɗin na duba sai kunya ta kama ni. Swift yana ƙirga lokaci da sakan tun daga 1 ga Janairu 2001, na mai da shi MJD daidai, wato ƙirgen kwanaki a jere na masana taurari, ranar ita ce 51910. Teburin Hubble kuma da wani ƙirgen yake, ranar Juliyan, kuma ranar Juliyan da tsakar rana take farawa ba tsakar dare ba, don haka 2400000.5 ake cirewa a samu MJD. Ni 2400000 na cire. Na bar rabin kwana a cikin layin Hubble, na jinkirta shi da awa 12 da hannuna, alhali duk jinkirin da nake nema tsakanin waɗannan biyun bai kai rabin kwanan ba. Da na gyara sai W2 ta koma bayan Hubble da kusan 0.4 na kwana, inda ya kamata ta kasance.

Yanzu na rubuta a saman kowane fayil irin agogon da ke cikinsa da manyan baƙaƙe.

Alhamis 13 ga Fabrairu

Sarjar ta ƙone, kuran ya dawo da ƙarfi da daddare ina barci. Sabuwa sefa 7500 a kasuwa, mai shagon ya rantse orijinal ce, mu gani. Jimillar abin da na kashe zuwa yau sefa 22000 har da forfen dare, ban faɗa a gida ba.

Asabar 22 ga Fabrairu

Mako guda kenan ina neman girman kuskuren awona. Hanyar ita ce ka sake lissafin sau dubbai, kowane karo ka zaɓi ɗigogin da ka-cici-ka-cici ka ɗan girgiza ƙimarsu gwargwadon kuskurensu, sannan ka ga yadda amsoshin suka bazu. Sau biyu kuran na ɗaukewa ana tsakiyar aiki komai ya tafi, sai na sa manhajar ta riƙa ajiyewa duk bayan zagaye 100, na kuma kai ordinatar shagon wani ɗalibina na da mai sajin waya da panno, ya ƙi karɓar ko dala, ya ce "haba Mushe".

Ga abin da ya fito. V tana bin bayan W2 da kwana ɗaya da ɗan ɗoriya, kuskuren kusan rabin kwana, ba abin alfahari ba ne amma alamar tana nan. Sauran suna jere a tsakani, iya tsawon zango iya jinkiri. Lissafin faifan Shakura da Sunyayev na 1973 ya ce zafi yana raguwa da nisa, ta yadda nisan wurin da ke fidda kowane launi ke tafiya da tsawon zangon a ɗaga shi zuwa 4/3. Na gwada da kalkuleta, 5468 a raba da 1928 ya ba da 2.84, a ɗaga zuwa 4/3 ya ba da 4 cif. Wato wurin V ya ninka na W2 nisa sau huɗu. In W2 tana wajen sulusin kwanan haske daga tsakiya, V tana wajen 1.3, bambancin kwana ɗaya kenan, ya yi daidai da abin da na samu. Kwanan haske ɗaya kilomita biliyan 26 ne, kusan sau shida nisan Neftun daga rana. Na zauna ina kallon lambar nan na ɗan lokaci.

Abu biyu ba su zauna ba. U ta fi ƙarfin layin, jinkirinta ya kai na B ko ya ɗan wuce alhali zangonta ya fi gajarta. Wannan karon ban yi murna ba kuma ban zargi agogo ba, na je na duba, sananne ne, ana danganta shi da hasken haidurojin da ke fitowa daga gajimaren gas da ke can nesa da faifan, yana shiga matatar U ya ja jinkirin. Na biyu, faifan da awon ke nunawa ya fi wanda lissafi ya yi hasashe girma kusan sau uku, haka Fausnaugh da abokansa suka samu a 2016 da suka haɗa da teleskop na ƙasa, kuma har yanzu ana muhawara a kai.

Juma'a 28 ga Fabrairu

Na kai aikin aji. Mun fita filin ƙwallo, yaro ɗaya ya tafi can ƙarshen fili da katako biyu yana bugawa, sauran suna ganin bugun kafin su ji ƙarar, filin gajere ne jinkirin bai kai rabin sakan ba amma kowa ya lura. Sannan muka koma na zana korona a tablo kamar fitilar ƙwai a tsakiyar faifai, na manna layukan da na buga a takarda, sefa 600 kuɗin bugu.

Sai wata yarinya da ke zama a baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce "Mushe, kun ce fitilar ce ke haska faifan, to me ya sa layin X ɗin bai yi kama da sauran ba?" Na dubi takardar. Gaskiyarta. Layukan UV da na ido kamar 'yan uwa ɗaya suke, na X kuwa tsalle-tsalle yake yi abinsa, akwai wurin da ya hau su ba su hau ba, akwai inda suka yi tudu shi yana kwance. Ni na ga haka tun makon jiya, lambar dacewarsa da UV ko 0.5 ba ta kai ba alhali cikakkiyar dacewa 1 ce, sai na kau da kai don na ɗauka wani kuskuren nawa ne kuma na gaji da kama kaina. Na ce mata ki ba ni zuwa Litinin.

Litinin 3 ga Maris

Azumi ya kama, aikin ya koma bayan sahur, lokacin ma reso ya fi kyau kuma Akturus na bisa kai.

Na sake bin layin X tun daga tushe, agogo daidai, rabon mai taushi da mai ƙarfi daidai. Ba kuskurena ba ne wannan karon, waɗanda suka yi aikin 2014 ma raunin dacewar nan suka samu. Abin da na kai wa aji yau shi ne, a 2013 an gano wata iskar gas da ke fitowa daga wajen faifan NGC 5548 ta tsaya tsakaninmu da korona tana shanye yawancin hasken X mai taushi, Kaastra da abokansa suka buga a 2014, to abin da mu muke gani daga nan ba lalle ne shi faifan yake gani ba. Sannan Gardner da Done a 2017 sun kawo shawarar cewa hasken X ba ya faɗa wa faifan kai tsaye, yana fara ɗumama wani kumburarren ɓangare na ciki, shi kuma ya fidda UV mai ƙarfi da ke haska sauran, shi ya sa tsalle-tsallen ke gogewa a hanya. Na faɗa musu ni na fi karkata ga ta biyun don ta bayyana santsin layin UV, amma karkata ce kawai ta malamin lise. Yarinyar ta ce "kenan zanen da kuka yi a tablo ba daidai ba ne". Na ce zanen littafi ne, kuma ke kika kama shi. 'Yan ajin suka yi ta tafi har sai da mai kula da tsari ya leƙo.

Asabar 8 ga Maris

Na kwafe komai a kile, na kuma tura wa abokina kwafi don tsaro. Kuɗin da na kashe ya tsaya a sefa 26600.

Mataki na gaba NGC 4151 ce, ɗaya daga cikin galaksi shida da Carl Seyfert ya yi nazari a 1943. Swift ya bi ta a 2016, kuma a can an samu UV tana bin bayan hasken X da wajen kwana uku alhali tsakanin UV da hasken ido bai wuce kwana ɗaya ba, wannan giɓin nake so in gani da idona don shi ne gwajin maganar kumburarren ɓangaren nan. Ɗalibai huɗu sun ce suna so su shiga, har da mai tambayar, zan ba kowa matata ɗaya ya bi hotunanta. Matsalar ordinatar ɗaya ce gare mu, sai dai mu yi karɓa-karɓa ranar Laraba da yamma da Asabar. Zan fara sauke hotunan da forfen dare cikin azumin nan, aikin kansa sai bayan salla in an gama kompozisiyon. Kafin nan dole in gyara dokar cire ɗigogin nan, na duba fayil ɗin da na ware jiya na ga guda uku da nake zargin na gaskiya ne na jefar.